Waiwaye: Damunar da Aka Ce An Gano Maganin Tsufa

Duk wanda ya kai mu shekaru zai tuna damunar 1990. Ita ce damunar da 'yan ƙwallon Kamaru suka je Italiya suka girgiza duniya, suka lallasa Ajantina mai riƙe da kofi tun a wasan farko, suka yi ta kutsawa har kwata fainal. Mukan yi cincirindo gaban talabijin ɗaya tilo ta unguwa, wasu kan benci wasu a tsaye, muna kallon Roger Milla mai shekara 38 yana zura ƙwallo yana rugawa kusurwar fili yana taka rawa. Huɗu ya ci a gasar. A wurinmu a lokacin tsoho ne, muka yi ta faɗin cewa da tsohuwar zuma ake magani. Yau da yawanmu mun ba waɗannan shekaru baya da ashirin ko talatin, mun kuma san inda tsufa na gaskiya yake fara sallama: gwiwa, ƙugu, da tashi daga kan tabarma.

A cikin waɗannan makonni ne, can a Amurka, manyan mujallun likitoci biyu suka buga sakamakon bincike biyu a kan tsofaffi na haƙiƙa, tazarar kusan sati uku a tsakani. Ɗaya ya zama jarin kasuwar da har gobe ake cin abinci da ita. Ɗayan kuwa, in ka cire likitocin da ke kula da tsofaffi, ba kowa ke tuna shi ba. Tunda waiwaye adon tafiya ne, bari mu koma mu duba su, domin kayan wannan kasuwa sun fara shigo mana har cikin wayoyin da ke aljihunmu.

Mu fara da wanda ya yi suna. Ranar 5 ga Yuli 1990, mujallar New England Journal of Medicine ta fitar da aikin Dakta Daniel Rudman da abokansa na kwalejin likitanci ta Wisconsin da ke Milwaukee. Maza 21 suka tara, masu shekara 61 zuwa 81, lafiyarsu ƙalau, illa dai gwajin jini ya nuna sinadarin girma ya yi ƙasa a jikinsu. Mutum 12 aka ɗora a kan allurar sinadarin, sau uku a mako a ƙarƙashin fata har wata shida, sauran 9 ba a ba su komai ba. Da aka zo awo, naman jikin masu allura wanda ba kitse ba ya ƙaru da kashi 8.8 cikin 100, kitse ya ragu da kashi 14.4, ƙashin gadon baya ya ɗan ƙara ƙwari. Sai marubutan suka ƙara wata jimla guda, inda suka kwatanta girman wannan canji da abin da tsufa ke ɗauke wa jiki cikin shekara 10 zuwa 20. Wannan jimla ita jaridu suka ɗauka suka yi gaba, suka bar sauran shafukan a inda suke.

Shi wannan sinadari ba baƙo ba ne, a jikin kowa yake. Akwai wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake girma ba, likitoci na ce masa fituwitari. Shi ke sakin sinadarin cikin jini, jefi-jefi, mafi yawa da dare in barci ya yi nauyi. Hanta ta karɓi saƙon ta samar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda ke miƙar da ƙashi ya cika tsoka. Lokacin balaga yake kai ƙololuwa, daga nan ya riƙa ja da baya, kimanin kashi 14 cikin 100 a duk shekara goma. Ganin haka sai zuciya ta yanke hukunci cikin sauri: tunda tare da ƙuruciya yake tafiya, a dawo da shi ita ma ta dawo.

Haka kuwa aka yi ta sayar da shi. A 1997 wani likita, Ronald Klatz, ya buga littafin Grow Young with HGH, asibitocin kuɗi suka yi ta buɗewa a Las Vegas da Florida da Kalifoniya, mutum na kashe dala dubu ko fiye a wata. Dokar Amurka ta haramta raba wannan sinadari don wata manufa da hukuma ba ta amince da ita ba, har da tanadin ɗaurin shekara biyar, amma ciniki bai tsaya ba. Mu masu kallon finafinan Rambo mun ji yadda a 2007 jami'an kwastan na Ostireliya suka kama Sylvester Stallone da kwalabe 48 na allurar, kotu ta ci shi tara. Yau kuma ga shi a gajerun bidiyo: dattijo mai furfura, ƙirji a buɗe, tsoka a murɗe, yana rantsuwa da ƙaramar kwalba.

To me aka manta? An manta cewa Rudman siffar jiki ya auna. Bai auna ƙarfin hannu ko na ƙafa ba, bai auna saurin tafiya ko kaifin tunani ba, balle tsawon kwana. Ba a yi wa mutum taran nan allurar ruwa zalla ba don a bambance aikin magani da aikin sa rai. A wannan fitowa ta mujallar ma, Dakta Mary Lee Vance ta jami'ar Virginia ta rubuta sharhi tana jan kunne a yi hattara. Rudman ya rasu a 1994, bai ga iyakar inda aka kai sunansa ba.

Waɗanda suka biyo baya sun auna abin da ya bari. A 1996 Dakta Maxine Papadakis a San Francisco ta gwada maza 52 da suka kai saba'in ko suka haura: nama ya ƙaru, kitse ya ragu, ƙarfi kuwa yana nan inda yake. A 2002 Dakta Marc Blackman da abokansa suka gwada maza da mata 131, suka ga kumburi, da ciwon gaɓoɓi, da matsewar jijiyar wuyan hannu mai sa yatsu su riƙa mutuwa, suka kuma ga suga na hawa a jinin maza da dama. A 2007 masana a jami'ar Stanford suka tattara ingantattun gwaje-gwajen da aka yi a kan lafiyayyun tsofaffi, sai ga shi duka-duka mutum 220 ne aka yi wa allurar a cikinsu. Ribar ita ce ƙarin nama kusan kilo 2 da raguwar kitse kusan kilo 2. Kuɗin da jiki ya biya kuwa su ne waɗancan cututtuka, har da fitowar nono ga wasu mazan. Wani ɓangare na abin da ma'auni ya kira nama ma ruwa ne, domin sinadarin na sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

Wannan bai kamata ya zama mana sabon labari ba. Mun san ƙwayoyin nan da ake ce wa sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saya a kemis don su yi kumari kafin biki. Fuska ta cika, wuya ya yi kauri, 'yan uwa su ce ta yi kyau, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin kumbura jiki suke yi suna tada suga da hawan jini a ɓoye. Magani daban ne da allurar Rudman, amma kuskuren ɗaya ne: a ɗauki cikar jiki a matsayin lafiya. Tun kafin a haife mu Bahaushe ya gama magana, ya ce garin neman ƙiba a samo rama.

Abin ya kai ga ita kanta mujallar da ta buga aikin Rudman ta gaji. A 2003 editocinta suka lura cewa masu buɗe takardar Rudman a intanet cikin mako guda sun kai yawan masu buɗe sauran takardun 1990 a shekara, saboda 'yan talla na turo mutane can a matsayin shaida. Sai suka ɗauki matakin da ba su saba ba, suka liƙa wa takardar sharhin gargaɗi, ta yadda duk wanda ya zo karanta ta zai ci karo da shi.

Idan muka ƙara ja da baya, za mu ga cewa hanyar tsohuwa ce, an sha bin ta. A watan Yuni na 1889, wani babban masani a Paris, Charles-Édouard Brown-Séquard, mai shekara 72, ya tsaya gaban takwarorinsa ya ce ya samo. Ya niƙa 'ya'yan marainan kare da na ɓeran Masar, ya dama da ruwa ya tace, ya yi wa kansa allura. Ya ce ƙarfinsa ya dawo, yana iya aiki a tsaye na sa'o'i, har nisan fitsarinsa ya auna ya kawo a matsayin hujja. Mutumin kirki ne mai ilimi, kuma ya gaskata abin da ya ji a jikinsa. Dubban likitoci suka bi sahunsa. Shekara biyar bayan haka ya rasu, kuma a 2002 wasu masana a Ostireliya suka sake haɗa ruwan yadda ya bayyana, suka tarar sinadarin da ke ciki bai kai ya yi wa jiki komai ba. Bayansa aka yi Serge Voronoff, wanda daga 1920 ya riƙa yanko siraran sassan marainan biri yana dasa wa attajirai, har ya gina gidan kiwon birai a Grimaldi kan iyakar Italiya da Faransa, ana kawo masa su daga Afirka. Ya rasu a 1951, duniyar likitoci ta riga ta juya masa baya. Kowane zamani da nasa, kuma kowane zamani gani yake na baya ne suka yi wauta.

Shi kansa sinadarin girma yana da tarihi mai ban tausayi da 'yan talla ba sa karantowa. Na saniya ko na alade ba ya aiki a jikin ɗan Adam, saboda haka tun daga 1958, lokacin da Dakta Maurice Raben ya yi wa wani matashi magani da shi a Boston, daga gawarwaki ake ciro ƙullin a tatso sinadarin. Yaran da girmansu ya tsaya ake ba wa, masu buƙata ta gaskiya. A Amurka kaɗai kimanin mutum 7,700 suka karɓa tsakanin 1963 da 1985. A 1985 sai ga matasa suna mutuwa da wata cutar ƙwaƙwalwa marar magani, Creutzfeldt-Jakob, wadda ta biyo ta cikin ƙullin wasu mamatan. Nan take aka dakatar, amma aikin gama ya gama. Fiye da mutum 200 cutar ta kama a duniya ta wannan hanya, fiye da 100 daga cikinsu a Faransa. Wasu sai bayan shekara ashirin ko talatin da allurar ƙarshe ta bayyana a jikinsu. Wanda ake yi yanzu ba shi da wannan haɗari, domin tun 1985 kamfanin Genentech ya fara samar da shi a ɗakin gwaji ba tare da taɓa gawa ba. Amma darasin yana nan daram: akwai ɓarnar da gwajin wata shida ba zai taɓa hango ta ba.

Kada a ce mun kushe magani. Inda Allah ya sa buƙata, wannan allura rahama ce. Lionel Messi yana yaro a Rosario aka gano jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin, ya riƙa yi wa kansa allura a ƙafa da dare, daga baya kulob ɗin Barcelona ya ɗauki nauyin kuɗin. Haka babban mutum da tsiro ko tiyata ko haɗari ya lalata masa ƙullin, likitan da ya ƙware kan sinadaran jiki zai gwada shi ya ɗora shi a kai, ya kuma ci gaba da sa masa ido. Cike giɓin da cuta ta bari daban, ƙalubalantar shekaru daban.

Da doka ta matsa, tsada kuma ta yi yawa, sai kasuwa ta sake shiri. Yanzu sunan da ke tashe shi ne feftayid. Gajerun sarƙoƙi ne na amino asid: shi sinadarin girma yana da guda 191, sermorelin kuwa, ɗaya daga cikinsu, 29 kawai. Maimakon a zuba sinadarin daga waje, su waɗannan zungurar ƙullin suke yi ya saki nasa. Masu sayarwa na cewa hakan ya fi kusa da yadda jiki ya saba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin jiki na riƙe da wani ɓangare na linzamin. Asalinsu ma ilimi ne mai daraja: a 1982 aka gano saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙullin, a 1999 kuma masana a Jafan suka gano girelin, wanda ciki ke saki lokacin yunwa, shi ma yana tada ƙullin. Sai dai inda ake son kaiwa bai canza ba, a ɗaga IGF-1 a jinin tsoho. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Mu bi su ɗaya-ɗaya mu ga abin da ke hannu. Sermorelin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 don yaran da girmansu ya tsaya, kamfaninsa ya daina yin sa a 2008. Tesamorelin ya sami izini a 2010, amma don rage kitsen ciki ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau kaɗai. CJC-1295 da ipamorelin, waɗanda aka fi haɗawa a sirinji ɗaya a asibitocin kore tsufa, ba su taɓa samun izini a matsayin magani ba. Akwai kuma MK-677, ƙwayar sha mai kwaikwayon aikinsu. A 2008 aka buga gwajinta a kan lafiyayyun mutane 65 masu shekara 60 zuwa 81: sinadarin ya hau, nama ya ƙaru da kilo ɗaya da ɗoriya, suga ya ɗan tashi, ƙarfi bai motsa ba. Wani gwajin da aka yi da ita a kan tsofaffin da suka karye a ƙugu, dakatar da shi aka yi tun bai ƙare ba, saboda alamun gazawar zuciya. Har yau babu gwaji ko ɗaya da ya nuna wani daga cikinsu ya ƙara wa lafiyayyen tsoho kwana ko ya kare shi daga faɗuwa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta su duka ga 'yan wasa.

Yawancin waɗanda ake odarsu ta intanet, a jikin kwalbar an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don jikin mutum ba. Mai sayarwa ya wanke hannunsa ke nan tun kafin ka biya. Ba ka san inda aka haɗa ba, ba ka san me ke ciki ba, ga shi abu ne mai son sanyi da ya ratso zafin hanya kafin ya iso inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Duk wanda aka miƙa wa irin wannan a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya tuna cewa jikin da za a soka nasa ne.

Abu mafi ɗaure kai shi ne abin da aka gano ta ɗaya gefen. A 1996 Andrzej Bartke da Holly Brown-Borg suka nuna cewa wasu wadannin ɓeraye da aka haifa ba su da sinadarin girma sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan rabi. Wani ɓeran Bartke da jikinsa ba ya jin saƙon sinadarin ya rayu kwana 1,819, saura ƙiris shekara biyar, alhali irinsu ba su cika wuce biyu zuwa uku ba. Ƙananan karnuka ma sun fi manya tsawon rai. A kudancin Ikwado, a ƙauyukan lardunan Loja da El Oro, akwai mutane masu larurar Laron, tsawon babba a cikinsu kimanin mita 1.2: jikinsu na yin sinadarin amma ba ya jin kiransa. Dakta Jaime Guevara-Aguirre ya bi mutum 99 daga cikinsu har shekara 22, ya buga sakamakon a 2011 tare da Valter Longo. Ba a sami mai ciwon suga ko ɗaya ba, duk da cewa da yawansu na da ƙiba, kansa kuma mutum ɗaya ta kama, ba ta kashe shi ba. Danginsu masu tsayi kuwa, kashi 17 cikin 100 kansa ta taɓa su, kashi 5 ciwon suga. Gaskiya ne ba su fi kowa tsawon kwana ba, domin haɗurra da giya da farfaɗiya sun ɗauke da yawa. Amma manyan cututtukan tsufa guda biyu sun kauce musu. Waɗanda sinadarin ya yi wa yawa kuma, zuciyarsu ce ke biya: shahararren ɗan kokawa André the Giant ya rasu a Paris a 1993 yana da shekara 46.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa zai gane wannan. Lokacin da ake tada gida, tubali magini ke nema da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kullum bango na hawa. In gida ya shekara sittin, yaɓe yake so kafin damuna, da gyaran indararo, da sauya azarar da gara ta ci. Wanda ya zo ya ce zai ɗora masa bene bai ƙaunace shi ba. Saƙon girma cewa yake yi da ƙwayoyin jiki su hayayyafa, a jikin tsoho kuwa akwai ƙwayoyin da suka riga suka lalace, waɗanda gara a bar su kwance. Wannan ce fargabar masana, kuma ita ta sa wasunsu ke ganin raguwar sinadarin da shekaru kariya ce da aka gina mu da ita.

Yanzu mu dawo ga binciken da aka manta. A tsakiyar Yuni 1990, mujallar JAMA ta buga aikin Dakta Maria Fiatarone da William Evans da abokansu. Wani gidan kula da tsofaffi suka shiga a Boston, suka sami mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96, raunana, yawancinsu na fama da ciwon gaɓoɓi ko na zuciya ko hawan jini. Ba allura, ba ƙwaya. Tsoho zai zauna a kan kujerar motsa jiki, a rataya nauyi a ƙafarsa, ya miƙe gwiwa a hankali ya sauke a hankali, sau takwas, ya huta, ya sake, har zagaye uku, sannan a koma ɗaya ƙafar. Nauyin ba na wasa ba ne, kusan kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da zai iya ɗagawa, ana ƙara masa yayin da yake ƙara ƙarfi, likita na tsaye a kansa. Sau uku a mako, sati takwas.

Mutum 9 suka kammala. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku. Tsokar cinya ta ƙaru da kashi 9, saurin takunsu a gwajin daidaito ya ƙaru da kusan rabi, biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. A 1994 Fiatarone ta maimaita da mutum 100, ƙarfi ya sake ninkawa. A tsakiyar shekarun 1990 kuma wasu masana suka haɗa motsa jiki da allurar sinadarin girma ga dattawa, suka tarar allurar ba ta ƙara ƙarfin komai a kan abin da motsa jikin ya riga ya bayar ba. Abin da tsoho ke roƙo a zuciyarsa, ya tashi da kansa, ya kewaya ba tare da an riƙe shi ba, ya kai kansa masallaci, a wannan takarda yake. Sai dai ba a iya ɗura shi a kwalba a manna masa farashi, shi ya sa ba wanda ya ɗauki nauyin tallarsa.

Akwai wani ɗan layi a wannan bincike da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Da aka daina motsa jikin na sati huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. Mu tuna kakanninmu. Ba su san sunan tsoka ko ɗaya ba, amma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa da jana'iza, sau biyar a yini suna durƙusawa suna miƙewa, tsohuwa na jan guga tana taya daka, in an yi isha'i kuma kowa ya nemi makwanci. Mu da muka sami ɗan hali sai muka saka musu da kujera. "Baba, zauna ka huta, ai mun isa mu yi." "Inna, ajiye tsintsiyar nan, kin gama naki." Ko masallacin bakin layi sai a ɗauko babur. Ƙauna ce ta sa, kuma Allah zai ba da ladan niyya, amma jikin da aka hana aiki sallama yake yi da wuri. Wata shida a kan kujera na iya ɗauke wa dattijo abin da babu allurar da za ta mayar masa.

Tun a makarantar zaure aka karantar da mu hadisin da ya kwaɗaitar da neman magani, ya kuma keɓe tsufa shi kaɗai. Masu auna jini da tsoka sun shafe fiye da shekara ɗari suna neman hanyar kewaye wannan keɓewa, ba su samu ba. Abin da suka samo a hanya ya fi amfani: tsufa dole ne, amma babban rabo na raunin da ke rakiyarsa ana iya jinkirta shi, ko da mutum ya kai casa'in. Furfura a wurinmu daraja ce, da ita ake raba gardama a ba da aure. Bai dace mu koyi jin kunyarta daga masu neman kuɗinmu ba.

Saboda haka in an kawo mana sabon suna gobe, kuma za a kawo, mu yi wa mai tallan tambayoyin da aka ƙi yi a 1889 da 1990: me aka auna, mutum nawa aka gwada, shekara nawa aka bi su? Kuɗin kwalbar kuma mu kai su inda za su yi aiki. A auna wa tsohonmu jini da suga, a duba masa ido da haƙori, a sa masa wake da ƙwai da nono a abinci, a bar shi ya yi barcinsa. In likita ya duba shi ya ce ba matsala, a bar masa 'yar gonarsa ta bayan gida, a bar wa Inna tsintsiyarta, a sa jika ya riƙa raka su tafiya da yamma. Mu da ke biye da su ma kada mu jira sai gwiwa ta ƙi, mu fara tun yau.